Gambar Kan Iyaka

Aliero, cikin rani

Zuwa ga Malama Gudiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ladabi, da yaran ajinki duka.

Malama, na je gida Kuberi hutu na tarar masu farautar gafiya sun sa wa daji wuta. Ta cinye gambar da marigayi Baba ya dasa tsakanin gonarmu da ta ƙanensa, Baffa Sanusi. Toka ce kawai yanzu. Baffa ya ce iyakarsa ta kai gindin sabara, ni kuwa na san ba ta kai ba. Inna ta ce in yi shiru, wai gona ba ta kai zumunci ba. Amma wannan gefen ne ke ba mu gero.

Ina yawan mafarkin Baba yana tafiya cikin gambar, tana rufe shi har kafaɗa. Yaya zan yi?

Ɗalibarki,
Salima

Jega, farkon bazara

'Yata Salima,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Inna, Allah ya jiƙan Baba.

Kin tuna ranar da na fitar da ku bayan makaranta, ƙarangiya ta cika miki zani kina kuka? Na ce muku ciyawa iri biyu ce. Ƙarangiya da ƙyasuwa suna mutuwa da kaka, su bar 'ya'yansu cikin ƙasa suna jiran ruwa. Gamba kuwa barci take yi. Wuta gashinta kawai ta aske, saiwar tana nan inda hannun Baba ya ajiye ta. Ko yanzu da nake rubutu, iskar bazara tana kaɗa mini labule, ina jin kamar tana bi gona-gona tana tashin masu barci.

Kada ki yi gardama da Baffa. Ki durƙusa ki roƙe shi abu ɗaya: kada garma ta taɓa wurin sai an yi ruwan shuka. In ta tumɓuke saiwar, shedarku ta tafi.

Allah ya yi miki albarka.
Malamarki,
Gudiya

Kuberi, bayan ruwan fari

Malama,

Gaisuwa mai yawa. Baffa ya yi mini dariya, ya ce 'yar jami'a ta koma roƙon ciyawa, amma ya jira.

Da safen nan muka fita tare, ƙasa na ƙamshi. Toho ya fito cikin baƙar toka, kore shar, tsugunne-tsugunne a jere, ya bi ta gabas da sabarar ya bar mana ita. Baffa ya daɗe tsaye. Sai ya cire hularsa ya ce, "Yayana ya yi magana."

Ya ce in gambar ta isa yanka, shi zai saƙa wa Inna zana.

Taki,
Salima