Kun Sallame Ni, Amma Har Yau da Haƙorina Kuke Sayen Hatsi

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya sayi babban kantin garinmu na Malumfashi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, da fatan an shiga kaka lafiya.

Sunana Isiyaku, amma a kasuwannin ƙasar nan Isiya Mai-awo ake ce mini. Shekara goma sha huɗu ni ke saya wa kantin nan hatsi, tun yana hannun Alhajin da ya sayar muku da shi. Sau uku ina zuwa ofishinku, kullum mai gadi ya ce manaja yana taro. Mai gadin nan kuwa a da tare muke cin tuwo. Shi ya sa na kawo maganar inda kowa zai gani.

Na ɗaya. Ranka ya daɗe, nan ba Kano ba ce, inda in an kori mutum a wannan layi zai tsallaka wancan. Kanti ɗaya gare mu mai biyan albashi a ƙarshen wata, kuma bayan kowane ma'aikaci akwai gida guda da ke jira. Da kuka zo, wakilinku ya tara mu ya ce ba wanda zai rasa aikinsa. Bayan sati biyu sai aka ce kowa ya sake neman aikin da yake kai, ta waya, ya kuma ɗora takardar gama sakandare. Ni karatun allo na yi, sai yaƙi da jahilci da na shiga da girmana. Nura, ƙanen matata, shi ya cike mini fom ɗin, kuma bai cuce ni ba, gurbin takardar ne kawai ya bari fayau. Da sunaye suka fito ba nawa. Kujerar tawa kuma Nura kuka ba.

Na biyu. Nuran nan ni na kawo shi kantin yana dakon buhu. Ni na koya masa yadda ake tauna ƙwayar masara, in ta ce ƙas ta bushe, in ta lotse a haƙori a bar wa mai ita kayansa. Yau magidanci ne mai 'ya'ya uku, kun ba shi koriyar riga da sunansa a ƙirji, kun ba shi sabon babur, kun raɗa masa jami'in sayen amfanin gona. Jami'i! Ni shekara goma sha huɗu da kuɗin motar haya nake zuwa Kafur da Maska, ba wanda ya taɓa ce mini jami'i.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ina ƙyashinsa. Wallahi ina yi. Kullum da safe ta ƙofar gidana yake wucewa, ya tsaya ya sauka ya gaishe ni, Yaya an tashi lafiya, ni kuwa idona na kan babur ɗin. Manoman da in sun hango ni suke miƙewa, yanzu sai su ɗaga mini hannu daga zaune, su bi shi da ranka ya daɗe. Ranar sunan 'yarsa matata ta dawo tana ta yabon sabon firjin da ya saya, na ce mata ta kawo mini ruwan randa. Na yi istigfari har na gaji, abin bai fita ba.

Na uku. Kun ba shi wata 'yar na'ura mai auna damshin hatsi. Na gan ta, tana aiki, ban raina ta ba. Amma abin da ke bakin buhu take aunawa. Ba ta san dillalin da ke zuba busasshiya a sama ya bar ɗanya a ƙasa ba, ba ta san wanda ke yayyafa ruwa don buhu ya yi nauyi ba. Ni na san su, har iyayen wasunsu na sani. Don haka duk jajibirin kasuwa Nura sai ya zo zaurena da 'yan ƙulle-ƙullen samfurin hatsi a leda da sunayen masu kaya. In tauna, in ce saya wannan, bar wancan. Ba na iya hana shi, surukuta ce. Wata bakwai ke nan ana haka. Na ji an ce a taronku manaja ya yabi ingancin hatsin bana, aka tafa wa Nura. Ranar ko abincin kirki ban ci ba.

Na huɗu, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya ya zo da samfurin masarar wani dillali, mota guda za ku saya ku zuba a sito. Na san mutumin nan sarai. Na tauna ƙwaya uku, ta ukun ta lotse. Ina ɗaga kai na ga koriyar rigar nan tasa an goge ta tana ƙyalli, sai na ji bakina ya ce masa masarar ba ta da laifi. Ya yi godiya, har ya ajiye wa yara lemo, ya tafi.

Ranka ya daɗe, masarar nan in ta yi wata guda a sito za ta yi fumfuna, ta ɓata ta kusa da ita. Kuma na san wanda za ku kora. Abin da na so ke nan a lokacin, ba sai na ɓoye ba. Ban taɓa yi wa Alhaji ƙarya a kan ko mudu ɗaya ba, ga shi da furfurata na yi wa ƙanen matata. Jiya na je gidansa na gaya masa gaskiya. Ya sunkuyar da kai. Amma takardar sayen masarar ta riga ta wuce hannunsa, ya ce sai sa hannunka zai tsayar da ita.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A tsayar da motar nan kafin ranar Litinin da za a zuba masarar a sito, a zazzage buhu biyar har ƙasa a gani. Kada a taɓa Nura, laifinsa kawai ya yarda da ni. Sannan a kira ni, da sauran da aka sallama don rashin takarda, a gwada kowa a kan aikinsa. In na faɗi, na haƙura. In na ci, ku ba ni aiki ko a ƙarƙashin Nura ne, zan haɗiye. Zaman zauren nan na ga abin da yake mayar da ni, kuma ina jin tsoronsa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a kasuwancinka, ya tsare ka daga irin abin da ya shiga zuciyata. Shi kuma Nura, yau da safe ya wuce ta ƙofata bai tsaya ba.

Wassalam.

Naka,
Isiya Mai-awo,
Malumfashi.