Kifayen da Ke Ɗauke da 'Ya'yan Wani

Alhamis, 1 ga Mayu
Baba ya kwanta da zazzaɓi. Kaka ta ce kifayen tafkinmu ne suka jawo. Tun suna ƙanana Dakta Pimchanok ta jami'a ta yi musu allura da ƙwayoyin haihuwa na buk, ƙaton kifin kogin Mekong da ya kusa ƙarewa, ta ba Baba kiwo. Su tarwaɗa ne, amma 'ya'yan buk za su haifa. Kaka ta ce buk dabbar Uwar Kogi ce, ko kama shi ba a yi sai an kai mata kaza da giya. Mu ba mu kai ba.

Asabar, 3 ga Mayu
Ni ke ba su abinci yanzu. Daga nesa nake watsawa in gudu.

Lahadi, 4 ga Mayu
Idanun Baba sun yi ja, bai gane ni ba. Kaka ta ce, "Namfon, ki buɗe magudana su koma kogi, ko kina so ki binne ubanki?" Na je na kama ƙarfen buɗe ta. Na sake shi, ban buɗe ba. Baba ya taɓa cewa kakansa ya kama buk da yawa, kiwon nan shi ne biyan bashinsa.

Laraba, 7 ga Mayu
Dakta ta zo. Na kasa kallonta, amma na faɗa mata abin da Kaka ta ce. Na zaci dariya za ta yi. Ta ce, "Ƙanwata, kaza nawa ake kaiwa?" Ta sa Baba a motarta zuwa asibiti. Da yamma ta durƙusa bakin tafki da dafaffiyar kaza da turaren tsinke. Kaka ta ce, "Duk bokon nan, ko riƙe turare ba ki iya ba." Ta gyara mata yatsu.

Jumma'a, 9 ga Mayu
Asibiti sun ce ciwon fitsarin ɓera ne. Kaka ta ce ai Uwar Kogi ce ta aiko ɓeran. Ban sani ba. Har yanzu Baba yana kwance.

Litinin, 12 ga Mayu
Baba ya sha faten shinkafa, ya tambaya ko an rufe magudana. Na ce ba a taɓa buɗe ta ba.
Akwai wani kifi mai tabo a bayansa, kullum shi ne na ƙarshen samun abinci. Yau na miƙa masa da hannu. Bakinsa laushi ne. Ban gaya wa Kaka ba.