Risibar da Ka Saita wa Inna

Zuwa ga yayana Umaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, na ɗauki alƙalami ne in ba ka labarin gida. Na san ba za ka karanta ba. Waɗanda za su karanta su ne mutanen da ke bin shafina, kuma yawancinsu ba su san ka ba, don haka ka yi haƙuri in ka ga ina bayyana abin da ka fi ni sani.

Kowa lafiya. An yanke shinkafar gonarka ta fadama, matarka ta gama takaba ta koma wurin iyayenta a Augie da yaran. Ni ina nan Gesse, ina zuwa aiki ina dawowa. Mutane suna yaba mini haƙuri, ni kuwa na san ba haƙuri ba ne. Tun ranar da aka fita da kai ban ji komai ba. Ina ci, ina barci, ina amsa gaisuwa, shi ke nan.

Maganar risibar Inna ce, akwatin nan da ke haɗa dish da talabijin, ta sa na rubuto.

Ka tuna lokacin da ka kafa mata dish a bayan ɗakinta a Argungu, ka haɗa da sola saboda rashin wuta. Ka ce ba ka son abin da za a riƙa biya duk wata, na kyauta ya ishe ta. Ka wuni kana jera tashoshin yadda za ta gane ba sai ta yi karatu ba: ta Makka a farko, sai masu Hausa a bayanta, naka na ƙwallo ka tura su can ƙarshe inda ba za ta taɓa kaiwa ba. Duk da haka Inna ta ƙi taɓa rimot. Ta ce maɓallan sun yi yawa, kuma idonta ba ya rabe su.

Sai ka samo dabara. Akwai malamar nan da ke amsa tambayoyin mata duk Laraba bayan la'asar, wadda Inna ba ta yarda ta wuce ta. Ka shiga cikin risibar ka sa mata lokaci, ta riƙa tashi da kanta a kan tashar, ta kuma naɗe shirin a filashin da ka soka a gefe, don in baƙi sun katse Inna a sake kunna mata. Abin da ya rage mata kawai ta bar talabijin a kunne, ta shimfiɗa tabarma.

Ina tuna yadda kake danna maɓallin jadawalin shirye-shirye in ka zo ƙarshen mako, ka karanta mata abin da za a nuna. Rabin tashoshin ba sa rubuta komai, layukan fayau suke. Kai kuwa ba ka rasa abin karantawa. Sai ka gyara murya ka ce, “Inna, ga shi nan an rubuta, gobe da swahe tsohuwa ta dama ma Umaru hura.” Ita kuma ta ce, “Ƙarya kakai, masu abin ga ba su san hura ba.” Kuma da safe ta dama.

Ka rasu ran Asabar. Larabar da ta biyo, gidan cike da masu ta'aziyya, ana tsakiyar addu'a sai muka ji sallamar malamar daga ɗakin Inna. Wata cikin dangi ta zabura za ta kashe, Inna ta ɗaga mata hannu ta hana. Ba ta yi kuka ranar jana'izarka ba, ba ta yi a wannan Larabar ba. Ta dai juya wajen ƙofar ɗakin ta ce, “Sannu da zuwa.”

Daga nan abin ya zama al'ada. Kada ka ɗauka ta ruɗe ne, Yaya. Ta san inda kake, ita ce ma take tuna mana da yi maka sadaka. Amma duk Laraba takan yi la'asar da wuri, ta canza zane, ta zauna. In risibar ta tashi ta yi mata sannu da zuwa, ta saurari karatunta. Sauran kwanakin mako ba ta cika magana ba, abinci ma sai an matsa. Larabar nan ce take riƙe da ita, kowa a gidan ya gane haka, kuma ba wanda ya faɗa.

Wata rana na buɗe filashin don in rage tsofaffin shirye-shirye, sai na tarar da wasan ƙwallo a ciki. Ashe kafin ka kwanta ciwo ka sa risibar ta naɗe maka shi, ta kuwa cika umarni bayan an yi kwanaki da binne ka. Na zauna na kalle shi daga farko har ƙarshe, ni da ban san dokar ƙwallo ba. Na jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Aka tashi wasan, na je na wanke kwanoni.

To, watan jiya tashar malamar ta ɓace. Risibar tana tashi a kan lokaci, amma allo baƙi, ba hoto ba murya, kuma baƙin allon take ta naɗewa. Inna ta yi Laraba biyu tana zaune gaban duhu. Na kira abokinka Bitrus, mai haɗa dish ɗin nan ɗan Filato da ke kusa da mu a Birnin Kebbi, wanda ya tsaya a bakin maƙabarta har aka gama rufe ka. Ya bi ni Argungu ya duba, ya ce dish lafiya lau, tashar ce ta koma sabon tsari da tsohuwar risiba ba ta iya buɗewa. Gyara ba ya yi, sai dai sabuwa.

Na tsaya ina kallon akwatin. Ƙaramin abu ne, duk ƙura, da tabon kofin shayinka a samansa. Amma shi kaɗai ya rage a duniya da ke bin maganarka har yanzu. In na bar shi, Inna ta ci gaba da gaida baƙin allo. In na cire shi, na cire hannunka daga ɗakinta. Bitrus bai matsa mini ba, ya fita tsakar gida ya ba ni wuri. Ban yi wani dogon tunani ba, in gaya maka gaskiya. Na miƙa hannu na zare wayar kamar mai cire cajar waya.

Shawarar da na yanke ita ce kada Inna ta ga bambanci. Muka sayo sabuwa, muka yi aikin Inna tana gidan suna a maƙwabta. Bitrus ya jera tashoshin yadda ka jera su, muka ɗora sabuwar a daidai inda tsohuwar take, na rufe ta da ɗan ƙyallen da Inna take rufe waccan. Tashar malamar ba ta aiko da jadawali, don haka sai an sa lokacin da hannu. Bitrus yana sauri zai je wani aiki a Zauro, na ce ya tafi, wannan kam zan iya. Na dubi agogon bango, na rubuta ranar da lokacin, na danna.

Ran Laraba na ɗauki hutu a wurin aiki na taho. Inna ta yi sallah, ta canza zane, ta zauna. Na zauna a gefenta ina tsinke zogale. Lokaci ya yi, ba abin da ya faru. Na ɗan jira, sannan na kai hannu ga rimot don in kunna a ɓoye. Sai ta riƙe mini wuyan hannu, ba ta ko dube ni ba, ta ce, “Dakata, shina zuwa.”

Muka dakata, Yaya. Rana ta sauka daga kan katanga. Awaki suka shigo, aka kore su. Hannunta yana kan nawa, ina jin yadda ƙasusuwan suka fito. Sai can dab da magariba risibar ta tashi, an riga an gama karatun, wani mutum yana tallan takin zamani da ƙarfi.

Daga baya Bitrus ya gaya mini a waya cewa irin waɗannan akwatunan da agogon wata ƙasa suke zuwa, awa guda a bayan namu, sai an gyara. Ya yi ta ba da haƙuri wai shi ya manta. Kai ka san wannan tun tuni, ba ka dai taɓa faɗa mini ba, don ba ka zaci zan buƙata ba.

A ɗakin dai, Inna ba ta yi sannu da zuwa ba. Ta miƙa hannu ta ɗage ƙyallen, ta shafa saman sabuwar risibar da tafinta, ta daɗe tana shafawa. Na fara bayani da sauri, na ce kuskurena ne, yanzu zan gyara, Laraba mai zuwa za ta tashi daidai. Ta girgiza kai.

Ta ce, “Bar shi, ɗiyata. Wagga ba ta Umaru ta ba. Zo ki gwada min inda aka dannawa.”

Na ɗora babban yatsanta a kan maɓallin. Ta danna, allon ya mutu, ta sake dannawa ya dawo. Ta yi haka sau da yawa, hawaye na zuba a kan rimot ɗin, ba ta share ba. Wannan ne kukanta na farko a kanka. Ni nawa bai zo ba har yau, na dai riƙe mata hannu har aka kira sallah.

Allah Ya jiƙanka, Yaya Umaru, Ya yalwata maka kabarinka, Ya saka maka da abin da ka yi wa mahaifiyarmu. Allah Ya ba ta ƙarfin ɗaukar abin da ta ɗauka ranar nan. Ni kuma, in lokacina na kuka ya yi, Allah Ya sa ina kusa da ita.

Ƙanwarka,
Hadiza
Gesse, Birnin Kebbi