Taku Arba'in Zuwa Gaɓa

Zuwa ga Mish'al, sanyin idona, inuwata a zafin Makka, ruwan randar zuciyata, ya habibi.

Ka cuce ni, wallahi ka cuce ni! Ranar da ka zo gidanmu a Utaibiyya cikin sabon kaki ka ce an ɗauke ka sojan ruwa, na ɗauka cikin ƙaton jirgin ƙarfe za ka zauna, kana shan shayi kana leƙen teku ta taga. Har murna na yi.

Jiya yayana Nasir ya fasa ƙwai. Ya ce rundunarku ba ta zaman jirgi. Ku ne ake kaiwa kusa da gaɓa a buɗe ƙofa, ku diro cikin ruwa da bindiga da kaya niƙi-niƙi, ku taka zuwa tudun da ba a san wa ke jira a kansa ba. Wai tun yaƙin Khafji ake jin sunanku, wasunku a tekun gabas, wasunku a na yamma. Yana faɗa yana hura hanci kamar shi ya kafa rundunar. Na duba waya, wasu sun ce ku dubu uku ne, wasu sun ce kun haura dubu goma. Ina ruwana da dubbai? Ɗaya gare ni, kuma yau kwana goma sha biyu bai aiko ko gaisuwa daga Jizan ba.

Kai fa, Mish'al? Ka tuna ranar da aka yi ruwa muna kasuwar Zahir, ambaliyar da ko idon sawu ba ta rufe ba, ka tattare riga ka ɗare dakalin mai turare kamar kyanwa? Na yi dariya har da hawaye. Ɗan Makka, wanda ya tashi tsakanin duwatsu, yaushe kuka saba da teku? Yanzu in na tuna dariyar nan sai in yi da-na-sani.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Kakata Hadijatu tana amarya ta ƙetaro teku daga Sawakin ta Sudan da angonta. Mai kwale-kwalen ya ji tsoron masu gadi, ya sauke su kafin gaɓa, ya ce ruwan iya ƙirji ne. Tana ganin tudu da idonta, ta ce bai fi taku arba'in ba. Angon na gaba da kaya a kai, sai ya taka rami, ruwa ya tafi da shi. Har yau ba ta cin kifi, ba ta zuwa Jidda don kada ta ga teku. Shi ya sa da za a sa mana rana na ce mata kai sojan ƙasa ne, kana gadi a duwatsun Ɗa'if. Da haka ta sa mana albarka.

To ga abin da ke cin raina, hasken rayuwata. Bayan kowace salla tana ɗaga hannu ta kira sunanka: Allah ya tsare Mish'al daga santsin dutse, daga maciji, daga sanyin tsauni. Ni ina gefe ina cewa amin. Tsohuwar da ta fi kowa sanin wannan ruwa, na hana ta roƙa maka tsari daga gare shi! Wace irin masoyiya ce ni?

Gobe bayan la'asar zan durƙusa gabanta in faɗi gaskiya. Wataƙila ta janye yardarta, kuma ka san in ta ce a'a, babana ba zai ce e ba. Tsoro nake ji ƙwarai. Amma gara in rasa ranar aurenmu kana numfashi.

Ka rubuto, ko kalma ɗaya ce. In ƙofar nan ta buɗe, don Allah ka taka a hankali, ka lalubi ƙasa da ƙafarka kafin ka saki nauyinka.

Ko da albarkar Kaka ko babu, ba zan kalli wani ba.

Taka, mai tsayuwa a gaɓa har ka fito,
Raghad