Tagogin Kawu

Anti, don Allah ki ba ni shawara kafin in yi aika-aika. Ba wata babbar matsala ba ce, Alhamdulillahi, aikina yana min daɗi, maigidana da yara lafiya lau. Amma abin ya tsaya min a rai.

Ni ce ke kula da na'ura mai ƙwaƙwalwa ta kamfaninmu na sabulu, irin tsohuwar nan mai baƙin allo da koren rubutu da ke ɗakin sanyi bayan sito. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya tsara komai a cikinta tun ina firamare, shi ya koya min, da ya yi ritaya na gaji kujerarsa, har da matashin zaman da ya lotsa. Akwai babban fayil guda mai ɗauke da sunaye da adireshin masu sayen kayanmu. A kansa Kawu ya gina ƙananan fayiloli da yake kira tagogi. Ba su ɗauke da komai, kowanne dai yana leƙa babban ne ta fuskarsa: wannan ya jera mutane bisa unguwa don direbobi, wancan bisa suna don masu karɓar oda.

To gurbin adireshi ya yi kaɗan. Na'ura tana gutsure ƙarshensa, direbobi su yi ta bulayi a titi da katon-katon na sabulu. Babban direbanmu har Hajiya Rabin Adireshi yake ce min. Dole in faɗaɗa gurbin, kuma a yadda Kawu ya koya min, sai na goge tagogin duka, na sake babban fayil, sannan na gina su sabo. Anti, kowace taga tana nuna wanda ya gina ta, sunan Kawu ne a jiki. Ina sake su, nawa zai hau. Bawan Allahn nan duk ziyarar da na kai masa sai ya tambaye ni lafiyar tagoginsa kafin ya tambayi jikokinsa. Kunya nake ji, wallahi. In yi shiru in gyara, ko in bar direbobi da wahalarsu?

'Yar Kawu

'Yar Kawu, kunyarki ta burge ni, amma direban da ke zagaye a rana bai ci laifin kowa ba. Ki faɗaɗa gurbin.

Na tuntuɓi wata ƙawata mai irin aikinki. Ta ce da farko ki sa na'ura ta lissafo miki duk fayilolin da suka dogara da babban, kada ki yarda da abin da kika haddace. Ki kwafi komai ki adana, ki gwada gyaran a kan kwafi. Ta kuma ce akwai umarnin da ke canza babban fayil a inda yake, na'ura ta kula da tagogin da kanta, ba sai kin bi su kina gogewa ba. Sai dai taga mai jerin gurabenta daban tana bukatar ki duba ta da ido, kuma manhajojin da ke karanta fayilolin za su tsaya cak idan suka ga tsari ya canza, sai an sake harhaɗa su. A nan aka fi yin tuntuɓe.

Ko sunan Kawu zai tsira a jikin tagogin, wannan ban sani ba, gwajin zai nuna miki. Amma kin lura kin tambaye ni, na tambayi ƙawata, alhali wanda ya san dalilin kowace taga yana zaune a gida, ba mai tambayarsa komai sai ya jiki? Mutumin da ya koya miki gogewa da sake gini ya san wata rana hannunki zai kai kan nasa tagogin. Abin da zai yi masa ciwo shi ne ya ji labari a bakin wani bayan an gama.

Ki buga jerin tagogin a takarda, ki kai masa, ki ce Kawu, wacce zan fara taɓawa? Ki tafi da lokaci a hannu, don ba zai sake ki da wuri ba. Allah ya ƙara masa lafiya, ke kuma ya yi wa aikinki albarka.

Anti