Sunana a Saman Taswirar Burtali

Yalwawa, Dutse
Litinin

Zuwa ga Hamma Jaji,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Baffa da Inna da duk mutanen ruga. Yaya ƙafar Inna? Yaya shanu da wannan rani?

Direban motar Kafin Hausa na ba wasiƙar nan, don maganar ta fi ƙarfin waya. Hamma, wallahi a tsorace nake. Yau a ofishin safiyon da nake aiki, oga ya sa na buɗe taswirar yankinmu a kwamfuta. Ga burtalinmu nan ɓaro-ɓaro, wanda shanun Baffa suke bi zuwa mashaya tun ba a haife mu ba. Ya ce gobe za a goge shi, a haɗe shi da gonar wani mai hali. Bai san 'yar gidan ce a gabansa ba.

Da ya fita salla, na tuna Hadiyya, abokiyar aikina, ta taɓa nuna mini maɓallai biyu da ake dannawa tare, kwamfuta ta ɗauki hoton duk abin da ke fuskarta. Na danna. Fuskar ta ɗan yi duhu ta dawo. To ka ji wautar ƙanwarka: ban san inda hoton ya shige ba. Na duba har na gaji. In oga ya riga ni ganinsa, kashina ya bushe.

Kada ka gaya wa Baffa tukuna. Ka sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Zaituna

Yalwawa, Dutse
Alhamis

Hamma Jaji,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da kowa da kowa. Ni dai lafiyar jiki kawai gare ni.

An goge burtalin ranar Talata, a kan idona. Jiya na daure na tambayi Hadiyya, ta buɗe mini foldar da kwamfuta take ajiye irin waɗannan hotuna da kanta. Ashe a ruɗe sau bakwai na danna! Hotuna bakwai a jere, kwana biyu suna jiran mai gani. Na buga ɗaya a takarda, na goge duka. Amma oga ya fara yi mini wani kallo, kuma ya kira mai gyaran kwamfuta ya zo Asabar. Hadiyya ta ce irin su suna iya dawo da abin da aka goge.

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Hoton bai bar komai ba. A samansa ga sunan ofis, kusa da shi ga sunan da nake shiga kwamfutar da shi, Zaituna Modibbo, a layi ɗaya. Na ɗauko almakashi zan yanke layin. Sai na ga in na yanke, zanen banza ya rage, kowa zai ce mu muka zana. In na bari, aikina ya tafi, sauran kuma Allah kaɗai ya sani.

Na daɗe riƙe da almakashin nan, Hamma. Na tuna cewa da kuɗin bijimin Baffa na koyi wannan kwamfutar.

Takardar tana cikin ambulan ɗin nan, ban yanke komai ba. Ka kai wa Arɗo, shugaban rugarmu, da hannunka. Har yanzu tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Ka ce wa Inna ta share mini ɗakina.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka,
Zaituna