Haruffan da Na Ɗinka wa Malam

Daura, 4 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Adawiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki da yara duka. Yaya Damagaram? Yaya ƙafar nan taki mai kumburi? Allah Ya ƙara sauƙi. Na ba Mati direba takardar nan ne don in na kira ki a waya kuka ke riga ni magana.

Kin san kunnen Malam ya toshe shekara uku ke nan. To yanzu idon ma ya bi sahu, haske kawai yake gani. Likitan da aka kawo gida ya ce yanar ido ce, ana cirewa, ya ba mu ranar ashirin ga wata a Katsina. Amma ta yaya za a gaya masa? Na yi ihu a kunnensa har maƙwabta suka leƙo. Na rubuta masa a tafin hannu da yatsa, ya fizge. Ranar da muka kama shi za mu sa a mota don gwajin jini, sai ya rungume ƙyauren zaure, wai ya gane, mun gaji da shi ne, za mu kai shi Baure mu jibge wa danginsa. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, Adawiyya, mutumin nan ya zaci zan yar da shi.

Sai ga wani abu. 'Yarki Hasana, ban da koyarwarta ta kimiyya a makarantar 'yan mata, kin san haukan da take yi da wayoyi. Duk Asabar tana shagon Nwafor na bakin tasha tana tsintar tarkace, ta dawo ta cika mini ɗaki da warin dalma. Wani allo take haɗawa mai ƙananan ƙwayayen lantarki ja jere-jere, da wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana a bayansa. In ta rubuta magana a wayarta, sai ki ga maganar tana tafiya a kan allon. Ba irin faɗan da ban yi mata ba, na ce mace da girmanta tana wasan yara.

Shekaranjiya da hantsi ta kunna shi a ɗaki, Malam na zaune. Wallahi sai muka ga kansa yana bin jan hasken nan daga wannan gefe zuwa wancan. Ni da ita muka kalli juna.

Ki sa mu a addu'a. A gaida kowa da kowa.

Taki,
Yaya Kande

Daura, 17 ga Maris

Ƙanwata Adawiyya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kuna lafiya kamar yadda muke. Kilishin ya iso, Allah Ya saka da alheri. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan.

Abin bai zo da sauƙi ba. Malam ai bai san boko ba, sai ajami. Hasana ta ɗora allo biyu, ɗaya bisa ɗaya, ya zama layi goma sha shida na ƙwayaye, ta zuba masa haruffan Larabci irin na waya. Suka fito kamar tonon kaji. Malam ya duba, ya kau da kai. Shi irin rubutun allo ya sani, mai kauri, wanda ɗigon harafin fa ke ƙasa. Ta ce sai dai a zana kowane harafi da hannu, a nuna ƙwan da zai kama da wanda zai mutu, ta baje takarda mai gida-gida tana ta gogewa tana tsaki.

Na leƙa kawai don in yi mata tsiya. Ke, ina ganin takardar nan sai na gane ta. Ashe ɗinkin hula ne! Gida uku ki cike, biyu ki tsallake, ki hau layi na gaba. Abin da nake yi tun ina 'yar shekara tara. Ajamin kuma Malam ne da kansa ya koya mini a farkon aurenmu. Na ce ta matsa ta ba ni fensirin. Kwana huɗu na yi a kai, tuwo ya ƙone sau biyu. Ni ina zanawa, ita tana mayar da kowane gida lamba tana ɗura wa 'yar na'urar. Ran farko ma rubutun ta wutsiya ya riƙa shigowa, sai da ta juya masa tafiya.

Jiya bayan azahar muka toshe taga da zane, muka ajiye allon dab da fuskarsa. Na ce ta rubuta ni ce, ba Baure za mu ba, asibiti za mu a buɗe masa ido, kuma ƙafata ƙafarsa.

Ikon Allah! Adawiyya, na ga harafin da na zana da hannuna ya tashi yana tafiya da wuta. Ƙwayayen nan ba sa motsi ko kaɗan, Hasana ta nuna mini, wannan ya mutu wancan ya kama, amma ido ya rantse tafiya suke. Har yanzu na kasa gane yadda ɗan Adam ya kai ga wannan.

Sau biyu maganar ta wuce Malam bai motsa ba. A na uku sai leɓensa ya fara rawa, yana haɗa baƙi da wasali kamar mai biya karatu. Ya karanta ta a fili har ƙarshe. Hasana ta fita da gudu tana kuka.

Na zaci zancen asibiti zai fara. A'a. Hannu ya miƙa ya shafa allon, ya ce wannan ba rubutun inji ba ne. Ya ce mutum ɗaya ya sani a duniya da ke ja wa wutsiyar lam tsawo haka, tun tana amarya ya yi ta hana ta, ta ƙi ji. Sai ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce in yafe masa zaton da ya yi mini.

Ya yarda, jibi da safe za mu kama hanya don mu kwana can. Kunnen kam likita ya ce ba zai dawo ba, don haka allon nan ya zama bakina. Tun da gari ya waye yake sa ni magana, ya tambayi kuɗin gero, ya tambayi wa ya rasu wa ya haihu a shekara ukun nan. Ɗazu Hasana ta ce za ta gyara wutsiyar lam ɗin don tana cin wuri. Na rubuta masa. Ya ce duk wanda ya taɓa ta bai yafe ba.

Ki gaida maigidan da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Yayarki,
Kande